Taswirar Da Ba Ta Jiƙa Ƙafa Ba

A shekarar ƙarshe ta karatuna na digiri a sashen nazarin ƙasa, na zana taswirar da har yau nake jin kunyarta. Wata uku na yi a gaban kwamfuta ina tattara hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauko na fadamar Haɗeja da Nguru, ina auna koren tsiro, ina shafa wa kowane yanki launinsa. Da na gama sai ga kore shar ya mamaye gefen hanyar ruwan Marma, ni kuwa na rubuta da gadara cewa noman rani ya bunƙasa a wurin. Aikin ya sami maki mai kyau. Da hutu ya zo na buga taswirar a babbar takarda, na kai wa wani dattijo masunci, abokin kakana, a wani ƙauye na yankin Guri, don ya ga abin da boko ya koya mini. Ya daɗe yana dubawa. Ya sa na nuna masa gabas, na nuna masa inda garinsu yake. Sannan ya ɗora yatsa a tsakiyar koren ya ce, “Yaro, nan gonar mahaifina ce. Rabon da a jefa ƙwayar shinkafa a cikinta tun ba a haife ka ba. Wannan da ka shafa wa kore, kacala ce.”

Na'urar ba ta yi mini ƙarya ba. Abin da take aunawa shi ne hasken da ganye ke mayarwa sama, kuma a duk fadamar nan babu ganyen da ya kai na kacala lafiya. Ni ne na ɗauki annoba na rubuta ta a matsayin albarka, saboda ban taɓa tsoma ƙafata a ruwan da nake zanawa ba. Wannan kuskure na ɗalibi bai cuci kowa ba, iyakarsa ɗakin karatu. Abin tsoro shi ne irinsa ake yi a ofisoshi masu kasafin kuɗi, inda ake yanke wa miliyoyin mutane hukuncin ruwansu bisa taswirar da ba su gani ba, sannan a aika musu da mota mai lasifika wai za a wayar musu da kai. Da wannan ɗabi'a nake rigima a rubutun nan.

Sai an san yadda kogin yake kafin a gane girman ɓarnar. Kogin Kano da na Calawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja. Idan ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa. A wajajen Gashuwa ruwan ya gamu da na Kogin Jama'are, wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, suka zama Kogin Yobe. Shi kuma ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar, ya shayar da gonakin barkonon Difa, kana ya faɗa Tafkin Cadi. A da, kogin yana da numfashi irin na mai rai. Da damina ya cika ya batse, ya malala a fadama. Da rani ya janye ya bar danshi da taki. A kan wannan numfashi mutane suka gina rayuwarsu. Manomi ya shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, masunci ya shiga idan ya cika, mai wake da kayan lambu ya bi sawunsa yana janyewa, makiyayi kuma ya sauko da shanu bayan an kwashe amfani. Fili ɗaya, masu shi huɗu, kowa da watansa.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Calawa. Ba zan yi butulci ba. Birnin Kano yana shan wannan ruwa, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa daga nan suke, kuma bakin da ya ci bai kamata ya zagi tukunya ba. Sai dai madatsun sun sauya numfashin kogin. Babbar ambaliyar damina ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan kaɗan har cikin rani. Ruwa mai rarrafe ba ya iya share hanyarsa, don haka laka ta kwanta. Ƙasar da a da takan bushe ta tsage kowace shekara ta zauna cikin jiƙa, kuma abin da kacala take so ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin da Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa Marma ya kwanta a kan gonakin Guri da Kirikasamma da Nguru, alhali mutanen ƙasa da su suna kallon busasshen kwari. Cikin kacalar kuma tsuntsayen jan baki suka sami masauki, suna fitowa su far wa ɗan abin da ya tsira. Ga mutum ruwa ya ci gonarsa, ga ɗan'uwansa can gaba ƙishirwa ta ci tasa, kuma kogi ɗaya ne.

Ba a rasa masana da suka faɗi wannan ba. Tun farkon shekarun 1990 masu bincike irin su Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka yi lissafin abin da fadamar take samarwa ta noma da su da itace, suka nuna cewa idan da yawan ruwan da aka kashe za a auna, amfaninta ya ɗara na babban aikin noman rani na Kogin Kano nesa ba kusa ba. A 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohi shida, wato Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato, suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da wannan kwari. Takardu dai ba su yi ƙaranci ba. Duk da haka a 2020 da 2022 ruwa ya sake shafe gidaje da gonaki a Jigawa, aka sake kai buhunan agaji, aka sake ɗaukar hoto. Ihu bayan hari ya zama mana tsarin aiki.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya auna kalmar nan “wayar da kai”. Wanda ya ce zai wayar maka da kai ya riga ya yanke cewa kanka a duhu yake. Na halarci irin wannan taro sau ɗaya, a zauren wani otal, lokacin da nake hidimar ƙasa. An kawo bulamai da sarakunan ruwa a motar haya, aka zaunar da su a kujerun baya, aka haska musu taswira a bango da rubutun Turanci. Wani jami'i ya kwashe sa'a guda yana bayyana musu cewa kacala tana toshe hanyar ruwa. Mutanen da suka shekara ashirin suna shiga cikinta da lauje, ruwa iya ƙirji, matsattsaku na tsotsar jininsu, su ake sanar da cewa kacala tana toshe hanyar ruwa! Da aka zo tambayoyi, wani dattijo ya miƙe ya tambayi ranar da za a saki ruwa daga sama, don ya san ko ya dasa shinkafa ko ya haƙura. Aka ce masa wannan ba ya cikin ajandar yau. Aka raba abinci a leda da kuɗin mota, aka sa hannu a takarda, aka rubuta a rahoto cewa an tuntuɓi al'umma. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a zauren nan ita kaɗai ce aka koma da ita gida ba amsa.

Kada a ɗauka ina wulaƙanta kimiyyar da na karanta. Ina ƙaunarta, shi ya sa nake jin zafin yadda ake amfani da ita. Tun 1972 taurarin Landsat na Amurka suke ɗaukar hoton doron ƙasa, wato shekara biyu kafin a kammala Tiga, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne ga duk mai intanet. Taurarin Sentinel na Tarayyar Turai suna dawowa kan wuri ɗaya cikin kwana biyar, suna rarrabe fili mai faɗin mita goma, kuma akwai mai aiki da rada wanda gajimaren watan Agusta ba ya rufe masa ido. Da irin waɗannan hotuna duniya ta ga yadda Tafkin Cadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma ɗan kaso na girmansa. Babu bulaman da zai iya ganin kogi tun daga Tiga har Difa a kallo ɗaya. Tauraro yana iyawa.

Haka kuma ba zan mayar da mutanen ƙauye waliyyai ba, domin na san su, nawa ne. Akwai manomin da yake fasa gaɓar kogi da dare ya ja ruwa zuwa gonarsa, ƙaramar ɓaraka ta zama sabon kogi bayan damina biyu. Akwai masuncin da yake gitta dumba daga gaɓa zuwa gaɓa, ta tare kifi ta kuma tare laka. Akwai mai gonar da ya cinye burtali da mashaya, sannan ya yi mamakin ganin shanu a cikin albasarsa. Kowane gari abin da ke gabansa yake gani, na sama kuma yakan ce na ƙasa hassada ce ke damunsu. A irin wannan gardama hoton sama shaida ne da ba shi da dangi a ko'ina. Idan aka shimfiɗa hoton bana kusa da na shekara goma da suka wuce a gaban dattawan garuruwa biyu, musu yakan ƙare, domin gani ya kori ji.

To amma shaida ba alƙali ba ne, kuma wannan shaidan kurma ne. Yana ganin ruwa, bai san na wane ne ba. Bai san wane kududdufi ne sarkin ruwa ya hana shiga sai ranar su ba, bai san wace gona ce ta marayu ba, bai san ta inda arɗo yake ratsawa da garke tun zamanin kakansa ba. Fili ɗaya mai masu shi huɗu, a kwamfuta launi ɗaya yake samu, kuma yawanci launin wanda ya fi kusa da gwamnati. Makiyayi da ba ya nan ranar da aka ɗauki hoto, a takarda babu shi. Filin da babu kowa kuwa, a idon ofis, fili ne na rabo. Da yawa daga rigingimun da muke kira na manoma da makiyaya, irin wannan shafewa ce mafarinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa mun hau jirgi muna duba rufin daga sama muna yaba kyan jinka.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfinmu ba, girman kai ne kawai ya hana. A buga hoton a babbar takarda a kai shi zauren bulama, a ba mutane alƙalami. Su sa wa kowace hanyar ruwa sunan da suke kiranta da shi, su nuna inda ta toshe da shekarar da ta toshe, su zana burtali da mashaya da wuraren su. A yi zama dabam da mata, domin su suka san rijiyar da take ƙafewa da wadda take gishiri, kuma ba za su faɗa a gaban maza ba. Matasan garin, waɗanda wayoyinsu ke iya nuna wuri, su bi sawu su tabbatar. Sannan taswirar ta dawo garin da Hausa da Barbarci da Badanci da Fulatanci, har da ajami, a rataye ta inda kowa zai gani. Taswirar da aka kwashi iliminta a ƙauye aka kulle a kabad a birni, sunanta sata ko da an yi ta da izini.

Wannan ma duk wasa ne muddin bai taɓa makullin madatsa ba. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ita ke riƙe da Tiga da Calawa, hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, ana ƙaddamar da shi a Abuja. Ilimin yana nan. Me zai hana jadawalin sakin ruwa ya zama abin da ake tsarawa tare da wakilan Guri da Gashuwa da Gaidam, a karanta shi a rediyo kamar yadda ake karanta farashin hatsi? Me zai hana a gwada abin da masana suka daɗe suna ba da shawara, wato a saki ruwa mai ƙarfi a kan lokaci da damina don ya share laka, a kuma bar wasu hanyoyi su bushe da rani don kacala ta ji jiki? Za a ce masu noman rani na sama za su yi kuka. Za su yi, kuma kukansu abin saurare ne. Amma na ƙasa sun fi shekara talatin suna yi, bambancin kawai nasu ba ya isa ofis. Mutanen nan sun sha fita aikin gayya suna sare kacala da hannu, garuruwa da dama a rana ɗaya, ba tare da an haska musu komai a bango ba. Wanda ya yi wannan ya cancanci a gaya masa ranar da ruwa zai zo.

Dattijon nan bai mayar mini da taswirata ba. Ya naɗe ta ya soke a rufin ɗaki, ya ce jikokinsa za su so launin. Da na gaya masa cewa akwai hotunan da aka ɗauka tun kafin a gina Tiga, sai ya yi shiru, sannan ya tambaya ko za a ga gonar mahaifinsa a ciki. Na ce hotunan wancan zamani dishi-dishi ne, gona ɗaya ba za ta fito ba, amma za a ga hanyar ruwan da take gefenta. Ya ce ya isa, in dai ya ga hanyar shi zai nuna mini gonar. Na yi masa alkawarin kawowa da kaka. Ya ce in na tashi kada in wahalar da kaina neman babur, domin hanyar da na biyo bara yanzu sai da kwalekwale.