Permi a aljihu, ko iya tuƙi a hannu?

 Yau kan hanya za mu tsaya, wadda ta taso daga Tsarnawa ta ratsa Badagishiri ta shigo Tawa, da kuma wadda ta fita arewa ta Tabalak da Abalak har Agadas da Arlit. Wannan ta biyun, mai tsawon sama da kilomita 600, an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom. Duk wanda ya bi ta ya san wuraren da kwalta ta ƙare, direba ya sauka gefe yana bin rairayi.

To amma rami kaɗai ke kashe mutane? A ƙasarmu akwai hukumar ANISER, wadda gwamnati ta ɗora wa aikin kiyaye haɗurra da tattara alƙalumansu. Abin da bayananta ke maimaitawa shi ne, galibin laifin na ɗan Adam ne: gudu, ganganci, lodin da ya wuce kima, rashin sanin dokar hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato yaranmu ke nan. Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci.

Sai dai mu a nan muna da ja a kan lissafin kansa. Alƙalami ba ya ƙirga sai abin da aka kawo gabansa. In babur ya kaɗe tsoho a hanyar kasuwar Barmu, sau nawa ake kiran jandarma su yi konsta? Dangi su taru, a yi sulhu, a kai mai karaya wurin maɗori. In rai ya yi halinsa bayan kwana uku, a yi jana'iza, shi ke nan, takarda ba ta san da shi ba. Shi ya sa ƙiyasin OMS ke ɗara abin da ƙasashen Afirka da dama ke bayyanawa nesa ba kusa ba. Binciken da ya tsaya Yamai da manyan hanyoyi zai nuna mana bas da kamyo, ya bar baburan ƙauye a duhu, kuma da wannan binciken ne ake tsara doka.

Mu zo ga permi. A takarda komai a tsare yake: A na babur, B na ƙaramar mota, C na kamyo, D na motar fasinja. A zahiri fa? Ku tsaya bakin tashar Tawa ku tambayi ƴan kabu-kabu goma inda suka koyi tuƙi. Wajen wa ko aboki, a fili bayan gari, yini biyu. Direbobin manyan motoci kuwa da yawansu daga aparanti suka taso. Hannunsu ya faɗa, babu musu, amma littafin kod da Faransanci yake, su kuma ba su zauna lakkol ba. Ga kuɗin oto-ekol, ga nisa: yaron Kao ko na Takanamat sai ya baro gona ya zo birni ya kama wurin kwana. Mutum ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya haƙura da permin, ko ya nemi ta bayan gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wasu ƙasashen da suka yi nazari sun gano cewa sabon direba matashi shi ya fi shiga haɗari, musamman a watanninsa na farko. New Zealand ta fara ba da permi mataki-mataki tun 1987. Faransa ta kawo permi mai maki a 1992, sannan daga 2004 sabon direba da maki 6 yake farawa maimakon 12. Dabarar ta yi kyau, amma tana buƙatar rajistar da ke bin kowane direba da laifinsa. Mu da yawancin masu baburanmu ba su ma shiga rajistar ba, makin wa za a cire? A ganinmu matakin farko ya fi wannan sauƙi: a koyar da kod da Hausa da Tamajak, da baki da hoto, masu jarrabawa su riƙa zagayawa Kaita, Abalak da Cintabaradan a ranakun kasuwa, a kuma sassauta kuɗin permin babur. In an yi haka, kamun da ƴan sanda za su yi ya zama da hujja.

Yanzu ku ƴan uwa da ke Abijan, Libiya, Aljeriya da Legas, maganar ta iso kanku. Babura da yawa da ke yawo a Adar da guminku aka saye su. Kun aiko don ƙane ya samu abin yi, ya kai inna likita, Allah ya saka. Amma kun tambayi shekarunsa? Kun tambayi ko ya san wa ke da hanya a mararraba? OMS ta ce hular kwano, kaske ke nan, in an ɗaura ta daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, kuma mai waya a kunne yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau 4. Mun sani, zafin watan Afrilu a Tawa ba ya sa mutum sha'awar kaske, ga rawani kuma. Duk da haka kuɗinta bai kai na motar da za ta kwashi mai rauni zuwa Yamai ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa'adin rage mace-macen hanya da rabi daga 2021 zuwa 2030, kuma lokaci na tafiya. Layinmu a buɗe yake ga direbobi, ƴan kabu-kabu da shugabannin tasha: ku gaya mana nawa permi ya ci muku, da kwana nawa kuka yi kafin ya fito. Abin da kuka faɗa za mu kai shi gaban hukumar sufuri ta jaha, mu dawo muku da amsarta.