Sha'anin Gini Da Na'urar Kwamfuta

Bayan haka, babu attajirin da ya taɓa gina gida ko kanti wanda bai san irin hasarar da ake yi wurin gini ba. Leburori su wuni zaune suna jiran yashi, alhali za a biya su kuɗin wuni. A gama shafe, sa'an nan a tuna ba a bi da bututun ruwa ba, sai a fasa bango a sake. Siminti kuwa, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa a farkon 2024, ya wuce a yi almubazzaranci da shi. Asalin wannan hasara ɗaya ne, watau fara aiki ba da cikakken lissafi ba.

Hasarar dukiya ma da sauƙi a kan ta rayuka. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, cikin Ikko, ya rushe, mutum fiye da 40 suka rasu. A Agusta 2022 wani benen ya faɗi a Titin Beirut cikin Kano. A Yuli 2024 makaranta ta rufta wa yara a Jos, mutum 22 suka riga mu gidan gaskiya.

To, masana sun fito da wata dabara da Turawa ke kira BIM. Ma'anarta ita ce a gina gidan duka cikin kwamfuta kafin a haƙa harsashi, kowane bango da ginshiƙi da waya da bututu a wurinsa, da awonsa. Na'urar za ta ƙidaya bulo da rodi da siminti. In bututu zai ci karo da ginshiƙi, za ta nuna tun ba a sayi komai ba. In mai gida ya ƙara ɗaki, nan take lissafi ya sake. Hukumar Ingila ta ba da sanarwa a 2011 cewa daga 2016 manyan gine-ginen gwamnatinta sai ta wannan hanya.

Babban amfaninta shi ne mai zane da injiniya da ɗan kwangila da mai gida duk littafi guda suke dubawa, babu wanda zai ce bai gani ba. Wannan kuwa malamai da fatake sun san shi tun da daɗewa, gama aya mafi tsawo cikin Suratul Baƙara a kan rubuta bashi take. Kwangilar gini alkawari ce mai ajali, ta cancanci rubutu da shaidu.

Amma fa rubutu kaɗai ba ya tsai da bango. A ginin Ikoyi, injiniyoyin da suka fara aikin sun rubuta takarda tun 2020 suka janye hannunsu, takardar kuwa ba ta hana a ci gaba ba. Haka nan ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, da majalisar COREN mai kula da injiniyoyi, duk da haka rushewa ba ta daina ba. Na'ura abin da aka ba ta shi take lissafawa. In an rubuta rodi mai kauri aka ɗaura siriri, ba ta da labari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar nan kuwa ita ce rashin mai zuwa ya duba.

Saboda haka ya kamata hukumomin tsara birane su riƙa karɓar zanen gini ta intanet, su ajiye shi inda ba a iya gogewa, su kuma aika mai dubawa a kowane hawa. Jihohin da suka shigar da takardun filaye cikin kwamfuta, kamar Kaduna da Kano, sun riga sun ɗauki rabin hanya. Wajibi ne kuma a koya wa birkiloli da kafintoci karatun zane, domin yawancinsu a hannun maigida suka koyi sana'a, su ne kuwa masu ɗora bulo.

Mai ƙaramin gini, wanda kuɗin BIM ya fi ƙarfinsa, wayar da ke aljihunsa ta ishe shi farawa. Ya nemi takardar ƙidayar kaya kafin ya ba da kuɗi. A ɗauki hoton rodi kafin a zuba kankare, gama in an zuba, magana ta ƙare. Ya riƙa biya ta banki domin shaida ta tabbata. In bene ne, a ɗebi kankaren a kai gwaji, don ba ya cika ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Wanda ya auna hatsi kafin ya saya, bai kamata ya karɓi gida ba awo ba.

Allah ya tsare rayukan bayinsa da dukiyoyinsu, amin. Haza wasalam.