LAFIYA UWAR JIKI: Ana kukan baya, ashe laifin na ƙirji ne

Duk ɗan kallon da ya san fim ɗin Indiya ya san tsayuwar Sharukhan. Gogan naka zai tsaya a tsakiyar gona, ya ware hannuwa biyu, ya ɗan karkace, ƙirji a buɗe, sai ga yarinya ta sheƙo da gudu. Tun zamanin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 samari ke kwaikwayon wannan tsayuwa. To amma a ce wa saurayin yau ya gwada. Da yawa hannun ba zai buɗu sosai ba, sai an ji wani abu yana ja a gaban kafaɗa kamar an ɗaure da igiya. Kafaɗun sun zubo gaba, wuya ya miƙo kamar na kunkuru, ga yaro bai kai ashirin da biyar ba.

A ɗauki samarin Augie, can ƙasar Argungu a Jihar Kebbi. Fadamar Gulbin Rima ce abincinsu, shinkafa damina da rani. Dashe a duƙe, cira a duƙe, yanka da lauje a duƙe, hannuwa kullum suna gaba. Masunta ma haka, wajen tura kwalekwale da jan homa. Da daddare a yi wanka a zauna hutawa, sai kuma a fito da waya a dunƙule a kanta, a kalli Labarina ko Izzar So, kashi biyu ko uku a zama ɗaya. Ashe hutun ma duƙon ne! A da, lokacin kaset, ko banza sai mutum ya ɗaga kai ya dubi talabijin ɗin da aka ɗora a kan tebur a gidan kallo. Yanzu fim ɗin a kan cinya yake.

Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014. Nauyin kan babban mutum wajen kilo 5 ne idan yana tsaye daidai, amma in aka sunkuyar da shi sosai irin na mai duba waya, nauyin da wuya ke ɗauka yana kaiwa kilo 27. Wato ya haura rabin buhun shinkafa mai kilo 50, kuma da shi ake zama har a gama fim.

Yawanci inda ake jin ciwon shi ne bayan wuya da tsakanin kafaɗu, shi ya sa ake kiran ƙane a ce ya zo ya taka baya, ko a tafi wajen wanzami a yi ƙaho. A ji daɗi kwana ɗaya, gobe abu ya dawo. Dalili kuwa, sau da yawa mai ja yana gaba ne. Akwai babbar tsoka da ta shimfiɗu daga ƙashin tsakiyar ƙirji da ƙashin nan da ya gitta ƙasan wuya, ta je ta kama saman damtse. A ƙarƙashinta akwai ƙarama, wadda ta taso daga haƙarƙari na 3 zuwa na 5 ta maƙale a jikin allon kafaɗa. In hannuwa suka daɗe a gaba, waɗannan biyun sai su saba da zama a takure, su riƙa janyo kafaɗa gaba da ƙasa. Tsokokin baya kuma su wuni suna ja-in-ja da su, har su gaji su yi tsami. Bayan yana kuka ne kawai don shi ake ja.

A nan tausar ƙirji ta shigo, kuma ba ta buƙatar kuɗi ko wani gwani daga birni. Mutum zai iya yi wa kansa. A fara gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, irin yadda ungozoma ke yi, ban da ruwa mai tafasa. A shafa man kaɗanya ko man zaitun kaɗan. Sai a sa yatsu uku na hannun hagu a ƙasan ƙashin nan da ya gitta, ɓangaren dama, a riƙa murzawa a hankali daga tsakiyar ƙirji zuwa kafaɗa. Dab da kafaɗa akwai wani ɗan lungu, nan ne yawanci ake cin karo da wuri mai tsami. In an same shi a tsaya, a danna daidai yadda za a iya jurewa, a ja numfashi a sauke kamar sau biyar, sannan a wuce. Naman da ke gaban hammata kuwa, a kama shi tsakanin babban yatsa da sauran, a matsa a saki. Minti uku ko huɗu sun isa, sai a koma ɗaya ɓangaren.

Samari na da wata ɗabi'a, wai in tausa ba ta sa an yi ihu ba to ba ta yi ba. Wannan kuskure ne. Tsoka in ta ji zafi ƙara ɗaurewa take yi. Kada a danna cikin ramin hammata, kada a danna kan ƙashi ko maƙogwaro, domin manyan jijiyoyin hannu ta wannan yanki suka bi. Da zarar an ji yatsu sun fara mutuwa ko suna tsira-tsira kamar allura, a ɗage hannu. 'Yan mata kuma, tausar nan ta sama ce, tsakanin ƙasan wuya da inda mama ya fara. Mace ta yi wa kanta, ko 'yar'uwarta ta yi mata. Duk ƙaton da ya zo da zancen wai shi ya iya tausa, ko da sunan zai gyara wa yarinya tsayuwa don ya sa ta a fim, an dai san inda ya dosa.

Gaskiyar magana, tausa ita kaɗai ba ta miƙar da mutum. Sassauta tsoka take yi na ɗan lokaci, a samu damar motsa ta. Shi ya sa da an gama sai a je bakin ƙofa, a dafa gefe da gefe da hannuwa, gwiwar hannu daidai kafaɗa, a ɗan tura ƙirji gaba a ƙirga talatin. Bayan nan a haɗe allunan kafaɗa ta baya kamar za a matse goro a tsakaninsu, a saki, sau goma. Kai, ita kanta tsayuwar Sharukhan ɗin motsa jiki ce mai kyau, in dai ba a tsakiyar kasuwa za a yi ta ba. Masu ɗaukar hoto da ke wuni da kyamara a lokeshin, da editoci da ke kwana a gaban kwamfuta a Kano da Kaduna, su ma duk jirgi ɗaya ya kwaso su da manomin Augie. Sai an yi makonni ana yi kullum kafin a ga canji. Wanda ƙashin bayansa ne ya lanƙwashe tun yana yaro, nasa ya wuce tausa, sai likita da masu gashin ƙashi.

Sai dai fa ba kowane ciwon ƙirji ake kai wa hannu ba, kuma a nan ne ake rasa rai. Ciwon tsoka yakan ƙaru in an taɓa wurin ko an motsa hannu. Amma in mutum ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ga zufa, ga numfashi yana sarƙewa, ciwon yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, to zuciya ake tsoro. Ba Robb, ba man kaɗanya, a nemi mota a nufi asibiti, Argungu ko Birnin Kebbi, nan take. Mai sikila da ya ji ciwon ƙirji tare da zazzaɓi ko wahalar numfashi, shi ma kada a kwana da shi a gida. Tari da ya kai mako biyu, da rama da zufar dare, a je a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wanda ya faɗo daga babur haƙarƙari na ciwo, kada a bari kowa ya murza masa. Macen da ta ji ƙullutu a mama, kada ta ce za ta narkar da shi da tausa, ta kai wa likita ya duba tun yana ƙarami.

Masu haɗiyar tiramol don su iya ƙarasa yankan shinkafa su ma su ji. Ƙwayar tana rufe bakin ciwon ne, tsokar na nan a ɗaure yadda take, ga jarabar ƙwaya an ƙaro a kai.