Anini Ba Shara Ba Ne: Ku Daina Auna Tarihinmu A Sikeli

Yau da ɓacin rai na zauna rubutu, don haka wanda maganata ta taɓa sai ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Makon jiya na dawo daga shagon babanmu na tarar wani kawuna ya share ɗakin marigayi kakanmu a nan Pantami. Cikin abin da ya fitar har da wani tsohon gwangwani cike da kuɗin da: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule. Ya kira ɗan gwangwan, aka ɗora a sikeli, aka ba shi abin da bai sayi mudun shinkafa ba. Da na ce, "Haba Kawu, me ya yi zafi?" sai ya ce, "Kai yaro, kuɗin da ba ya sayen ko ashana, ajiyarsa ta mece ce?" Guda goma sha ɗaya kawai na tsira da su, waɗanda dama suna wurina. Ni nawa ra'ayin, wannan ba shara aka yi ba, ɓarna aka yi, kuma ba gidanmu kaɗai ake yin ta ba.

Wai shin mun san abin da muke zubarwa kuwa? Aninin farko da Turawa suka buga wa ƙasar nan a 1907 na alminiyon ne, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jure ba, a 1908 aka sauya masa ƙarfe. Goma ne ke yin kwabo ɗaya, kwabo 12 sule, sule 20 fam. An huda tsakiyarsa don a zura a zare a rataya, kamar yadda aka saba yi da wuri. Akwai tauraro mai tsini shida a jikinsa, da rubutun Larabci, saboda Bature ya san wane rubutu mutanenmu ke karantawa a lokacin. Ga darasi guda a cikin ƙarfen da bai fi maɓalli ba.

Ɗauki na 1936 ka duba da kyau. A wannan shekara Sarkin Ingila Edward na Takwas ya hau mulki kuma ya yi murabus a watan Disamba. A Ingila kanta ba a kai ga fitar da kuɗinsa kasuwa ba, amma a nan Afirka ta Yamma anini da ɗari da kwabo masu ɗauke da sunansa sun yi yawo a hannun kakanninmu. Wani kuma za ka ga ɗan ƙaramin harafi H ko KN a jikinsa, alamar masana'antar da ta buga shi a Birmingham ke nan. Kwabo biyu masu shekara ɗaya, amma ba iri ɗaya ba. Sannan ga taron 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara fitar da kuɗinmu na kanmu: gefe 12 gare shi, da hoton auduga. Mutumin Gombe, garin da har yau yake da unguwa mai suna BCGA saboda kamfanin auduga, shi ne zai sayar da wannan a kilo? Abin kunya ne wallahi.

Abokaina suna yi mini dariya, wai tara tsofaffin kuɗi aikin Bature ne wanda ya ƙoshi. To, bari mu duba Baturen. Akwai masu tara kuɗin tagulla na daular Rum, irin na zamanin Sarki Konstantin da ya yi mulki daga 306 zuwa 337. Yawancinsu ba su da tsada, don an buga su da yawan gaske. Abin da suke bi shi ne 'yan haruffan da ke ƙasa, masu nuna ko a Iskandariya ta Masar aka buga ko a Antakiya. Tun da daɗewa masanansu suka fara jera waɗannan kuɗaɗe a littattafai, iri-iri, sarki bayan sarki. Su sun adana na shekara 1,700, mu kuwa namu na shekara ɗari da 'yan kai ya gagare mu. Ba ƙoshi ba ne ya bambanta mu, sanin darajar abin gida ne.

Na san za a ce talauci. Na yarda ana cikin matsi, ɗan kasuwa ne ya haife ni, na san yadda ciniki yake. Amma gwangwanin nan bai ci abinci ba, bai nemi kuɗin haya ba, kuma abin da Kawu ya karɓa bai kwana biyu ba. An yi ba wan ba ƙanen.

Akwai kuma kashi na biyu da suka fi ba ni haushi, masu ganin kowane kwabo mai huji miliyoyi ne. Su ne 'yan damfara ke samu a waya da labarin wai wani Bature na nema, amma sai an fara biyan kuɗin gwaji. Ku ji da kyau: miliyoyin irin waɗannan aka buga, yawanci farashinsu kaɗan ne, 'yan ƙalilan ne masu wuyar samu. Wanda ya ce ka biya kafin ya saya, ɓarawo ne. Da mai zubarwa da mai kwaɗayi cutarsu ɗaya, kowa naira yake gani, ba wanda ya tsaya ya karanta abin da ke jikin ƙarfen.

Alhali harshenmu bai manta ba. Har gobe muna cewa "ba ni da ko anini", "ko sisin kwabo", muna kiran hafsan soja "mai anini uku". Naira ta zo ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Yaron da aka haifa bayan nan yana faɗin kalmomin bai taɓa riƙe abin ba. Ranar da ya tambaye ka mene ne anini, me za ka nuna masa? Sai ka kai shi Abuja gidan tarihin kuɗi na Babban Banki, don ganin abin da ke ɗakin kakarsa jiya?

Don haka roƙona kaɗan ne. In kun samu, kada ku goge da toka ko lemun tsami, gogewa na kashe rubutun. Ku raba su shekara-shekara, ku naɗe a takarda, ku ajiye inda babu danshi. Ku tambayi tsoho me sule ke saya a zamaninsa, ku rubuta tun yana da rai. In ba ku so, ku ba malamin tarihi na makarantar unguwa, kada ku ba sikeli.

Kawu, in wannan ta iso gare ka, ka gafarce ni, ban raina ka ba. Amma guda goma sha ɗayan nan ba na sayarwa ba ne.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Naku, daga Pantami.