Tayuri: Unguwar da dokar gini ba ta san da ita ba

A tsakiyar Satumbar 2024 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Sabha, babban birnin Fezzan da ke kimanin kilomita 750 kudu da Tripoli. Gari ne da ruwan da yake samu a shekara guda bai kai milimita 20 ba, don haka ba a gina shi da tunanin damina ba. Tituna suka zama gulbi, gidaje suka rufta, an rasa rayuka, gommai suka jikkata. Wata guda kafin nan ambaliya ta yi ɓarna a Ghat da Tahala, kusa da iyakar Aljeriya.

Tun daga lokacin ake ta maganar tsaurara izinin gini da duba ingancin gidaje a kudancin Libiya. Magana ce mai kyau, amma akwai tambayar da ta riga ta: wa doka ta amince ya nemi izinin? Unguwar Tayuri, a gefen Sabha, ita ce inda tambayar ta fi fitowa fili.

Takardar mutum kafin takardar gida

Mafi yawan mazauna Tayuri Abzinawa ne da Tubawa, sai baƙi 'yan ci-rani daga Nijar, Najeriya, Chadi da Mali, ciki har da Hausawa. Iyalai da yawa sun iso ne bayan farin shekarun 1970 da 1980. Wasu mazan sun shiga sojan Gaddafi bisa alkawarin zama 'yan ƙasa, alkawarin da bai cika ga kowa ba. Tubawa kuwa, bayan Kotun Duniya ta ba Chadi zirin Awzu a 1994, waɗanda aka yi wa rajista a can sun wayi gari ana jayayya da takardunsu.

Da aka fito da lambar ɗan ƙasa a 2013, ita ta zama mabuɗin albashi, fasfo da kusan duk wata hulɗa da hukuma. Dubban mutane a kudu ba su samu ba, wasu lambar wucin gadi kawai suke riƙe da ita. Izinin gini kuma yana buƙatar shaidar mallakar fili, da tabbacin cewa filin yana cikin taswirar gari. Wanda ba shi da lamba ba zai yi wa fili rajista da sunansa ba. Baƙo ma doka ba ta ba shi damar mallakar fili ba tun asali. To in babu izini, babu injiniyan da zai zo ya duba harsashin gini ko ya ƙirga rodin da aka sa.

Ko mai lamba ma bai tsira ba

Matsalar ta wuce Tayuri. Doka mai lamba 4 ta 1978 ta hana mallakar gida fiye da ɗaya, ta mayar da masu haya masu gida, ta bar rigingimun da har yau ba a warware ba. A 1986 an ƙona takardun rajistar filaye. A 2011 gwamnatin riƙon ƙwarya ta dakatar da sabuwar rajista don hana ƙwacen filaye, aka kwashe shekaru a haka. Tsarin biranen da aka zana don 1980 zuwa 2000 wa'adinsa ya ƙare, wanda ya kamata ya gaje shi bai kankama ba. Garuruwa suka ci gaba da faɗaɗa a wajen taswira, irin abin da mutanen Kano ke kira awon igiya.

Doka mai lamba 59 ta 2012 ta ɗora ayyukan gari a wuyan ƙananan hukumomi, wato baladiyya. Sai dai baladiyyar Sabha tana tsakanin gwamnatoci biyu: ta Tripoli, da ɓangaren gabas wanda dakarun Khalifa Haftar suka shigar da garin hannunsa a Janairun 2019. Kafin nan garin ya sha faɗace-faɗace, kamar na Maris 2012 tsakanin Tubawa da Awlad Sulaiman da ya ci rayuka fiye da 140, da na Yulin 2015 wanda Tayuri ta zama fagensa. A irin wannan wuri mai duba gini ba ya shiga unguwa da takarda kawai.

Darasin Derna, Kano da Damagaram

Derna ta nuna abin da sakaci ke haifarwa ko a ginin gwamnati. A Satumbar 2023 madatsun ruwa biyu da aka gina a shekarun 1970 suka ɓalle, fiye da mutum 4,000 suka mutu, dubbai suka ɓace. A Yulin 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12, daga shekara 9 zuwa 27. Hukunci ya zo, amma bayan an binne gawa.

Mu ma a gida ba baƙin wannan labari ba ne. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, Kano na da hukumar KNUPDA, duk da haka bene ya rufta a titin Beirut a Agustan 2022, makarantar Saints Academy ta Jos kuma ta kashe mutum 22 a Yulin 2024. A Nijar, daminar 2024 ta ci rayuka fiye da 300, Maraɗi na cikin jihohin da suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya zube. Bambancin kawai shi ne a Kano akwai ƙofar neman izini, wasu ke kewaye ta. A Tayuri ƙofar ce aka toshe.

Abin da zai yiwu

Amsar da hukumomi suka fi saurin bayarwa ita ce rusau. A unguwar da mutanenta ke ganin an daɗe ana mayar da su saniyar ware, katafila na iya tayar da tsohon miki, kuma wanda aka rushe wa ɗaki zai je ya gina wani a wuri mafi haɗari.

Hanyar da ta fi ita ce a raba maganar tsaron rai da maganar mallaka. Baladiyya na iya ƙirga gidaje, ta ba kowane lamba, ta haƙa magudanan ruwa, ta nuna kwarin da bai kamata a gina a cikinsa ba, ba tare da ta jira an gama shari'ar wane ne ɗan ƙasa ba. Asusun sake gina Libiya da Belƙasim Haftar ke shugabanta tun 2024 yana ayyuka a Sabha. Za a auna shi ne da abin da ya isa unguwannin gefen gari.

Akwai kuma rabon da ya faɗo kan mutanenmu. 'Yan Nijar na cikin baƙi mafi yawa a Libiya, gini kuma na cikin manyan ayyukan da suke yi. Tun da Yamai ta soke dokar hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, hanyar Agadas zuwa Sabha ta sake buɗewa. Ke nan birkila da leburan da ke jera bulo a Sabha sau da yawa namu ne, kuma su ne ke kwana a ɗakin haya mafi araha. Inda injiniya ba ya zuwa, ingancin gini yana hannun birkila: zurfin harsashi, daɓen da ya ɗara titi tsayi, simintin da ba a yi masa ƙwauro ba, indararon da ke zubar da ruwa nesa da bango.

Ƙasar Hausa ta san wannan tsari. Sarkin Magina a Kano da Zariya shi ke tsawata wa 'yan sana'a tun kafin a san ofishin tsara birane. Shugabannin al'ummar Hausawa a Sabha na iya farfaɗo da irinsa a tsakanin maginansu, su kuma ofisoshin jakadancin Nijar da Najeriya su matsa a sa unguwannin baƙi cikin duk wani shirin kariya daga ambaliya. Rigakafi ya fi magani, kuma ruwan Agusta da Satumba ba ya tambayar lambar kowa.