RA'AYI: Littafi mai hotuna da haƙƙin yaran Hausawan Coal Camp

Duk lokacin da aka zauna a Abuja ana maganar ilimin 'ya'yan Hausawa, hankali kan tafi Kano da Katsina da Sakkwato. Ba a cika tuna cewa akwai yaran da aka haifa a unguwannin Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal ba, waɗanda Hausa ce harshensu na gida, amma ba su da gurbi a shirin kowace jihar Arewa. Abin da nake so in jawo hankalin ma'aikatan tarayya a kai shi ne, waɗannan yara suna buƙatar littattafai masu hotuna tun suna shekara uku zuwa biyar, tare da malamin da ya san yadda ake aiki da su, kuma Gwamnatin Tarayya ce ta fi dacewa ta ɗauki wannan nauyi.

Zaman Hausawa a can ba na jiya ba ne. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, unguwar Coal Camp kuma ta samo sunanta ne daga masu haƙar kwal da aka zaunar a wurin. Fatake da dillalan shanu daga Arewa suka bi hanyar da ta buɗe, har ta kai Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Saboda haka yaron da ke wasa a ƙofar gida a Coal Camp a yau ɗan gari ne, mai haƙƙi a kan makarantar gwamnati kamar kowa.

Matsalarsa ta harshe ce. A gida ana yi masa Hausa, a titi yana jin Igbo ko Turancin buroka, a makarantar allo yana biya Larabci, ran da ya shiga aji kuma a tare shi da Turanci. Tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe yana cewa a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen yankin da suke zaune. A Inugu da Anacha harshen yanki Igbo ne, don haka ko a lokacin da ake aiki da wannan ƙa'ida, ɗan Bahaushe bai mori komai ba. A Nuwamban 2022 aka amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya bayyana soke ta, aka koma Turanci. Kowace manufa ta zo ta wuce, yaron Coal Camp yana inda yake.

Nan ne amfanin littafi mai hotuna yake. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Hoton akuya akuya ce a idon kowane yaro, ko da wane harshe aka yaye shi. Malama za ta ɗaga shafi ta tambaya me ake gani, ɗan Bahaushe ya ce akuya, maƙwabcinsa ya ce ewu da Igbo, sannan ta ba su sunan da Turanci. Kowa ya shiga darasin da abin da ya zo da shi daga gida, babu wanda aka bari yana zare ido.

Aikin kuma ba ya ƙarewa da rufe littafin. Littafi guda zai iya ɗaukar aji mako ɗaya. Idan labarin kasuwa ne, ranar farko a karanta ana tsayawa ana tambaya, wa ke sayar da tumatir, me ya sa yarinyar nan take kuka, me zai faru a shafi na gaba. Washegari a kawo murafun kwalba da tsakuwa a buɗe kasuwa a cikin aji, yara su saya su sayar, su ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Rana ta uku a kwaɓa yumɓu su gina tukunya da akuya, hannu ya saba kafin ya riƙe fensir. Rana ta huɗu su zana harafin farko na sunan abin da suka gina a kan yashi. Ranar ƙarshe su kwaikwayi labarin, wannan ya zama mai tumatir, wancan ya zama mai saye. Babu abin da aka saya a nan sai littafin kansa.

Wanda ke ganin wannan wasa ne kawai, ya dubi abin da ya faru a ƙasar Jamaika. A 1986 aka fara wani bincike a birnin Kingston kan yara 129 da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Wasu daga cikinsu ana kai musu ziyara gida kowane mako har shekara biyu, ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da su, da kayan wasan da aka haɗa da hannu da littattafai masu hotuna. Bayan shekara ashirin aka bibiye su, aka tarar abin da suke samu a wurin aiki ya zarce na waɗanda ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Littattafan ma ba sai an ƙirƙiro su daga farko ba. Shirin RANA da UNICEF ta tallafa wa a Katsina da Zamfara, da shirin Mu Karanta na Bauchi da Sakkwato, sun samar da kayan koyon karatu da Hausa don azuzuwan farko na firamare. Rumbun African Storybook na Afirka ta Kudu da na StoryWeaver na Indiya suna ɗauke da labarai masu hotuna da Hausa a intanet, kuma lasisinsu ya yarda a buga a raba kyauta. Cikas ɗin shi ne shirye-shiryen Arewa iyakarsu iyakar jihohin da aka ƙulla yarjejeniya da su. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Inugu ko Anambra ko Ribas kuwa ba ta da dalilin da zai sa ta nemi littafin Hausa da kanta. Ofishin da ke ganin ɓangarorin biyu a lokaci guda yana Abuja.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, kuma ta sanya kula da ƙananan yara a cikinsa. Tsarin ilimi na 2013 ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin firamare. Ashe doka tana nan, hanyar kuɗi tana nan. Abin da ya rage kaɗan ne. Hukumar UBEC ta nemi jihohin uku su ƙidaya yaran da Hausa ce harshensu a azuzuwan share fage. Hukumar NERDC ta zaɓi littattafai ashirin ko talatin, a buga su da Hausa da Igbo da Turanci a shafi ɗaya, na Fatakwal kuma da harshen yankinsu. A horar da malamai, har da na Islamiyyun unguwanni, domin can ne iyaye da yawa suka fi sakin jiki su kai 'ya'yansu.

Za a ce tunda an koma Turanci, me ya kawo Hausa? Amsar ita ce yaro yana kama sabon harshe ne ta kan wanda ya riga ya iya, kuma littafi mai harshe uku hanya ce ta isa ga Turancin. Za a kuma ce wannan zai ware Hausawa daga maƙwabtansu. Littafin da ya kawo Gizo da Ƙoƙi a wannan mako, ya kawo Mbe, kunkurun tatsuniyoyin Igbo, a mako mai zuwa, haɗa yara yake yi a benci ɗaya. Garuruwan nan sun ga tarzoma da yaƙi, sun san farashin rashin sanin juna.

Inugu ma ba baƙuwar irin wannan aiki ba ce. A nan ne UNESCO ta taimaka aka kafa ɗakin karatu na gwaji da aka buɗe a 1959, har da motar da ke zagayawa da littattafai. Garin da ya iya kai littafi ƙauye a wancan zamani ba zai kasa kai shi Coal Camp ba.

Ku da ke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu, kun san yadda layi ɗaya a daftarin kasafi ke raya abu ko ya binne shi. Idan takardar ilimin ƙananan yara ta zo teburinku, ku tambaya ko an lissafa yaran Coal Camp da na Anacha da na Fatakwal, kuma wane littafi za a sa a hannunsu a zango mai zuwa.