Kwamfuta Mai Duba Hoton Ƙirji

Jama'a, tun shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a sa kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ta duba hoton ƙirjin wanda ya kai shekara 15, ko za ta ga alamar tarin fuka. Da dubban hotunan masu ciwo da na masu lafiya aka horar da ita, har ta iya ba kowane hoto maki nan take, kamar malami mai duba jarrabawa. Akwai CAD4TB ta Holan, akwai qXR ta Indiya.

Waɗansu na cewa aikin likita ya ƙare ke nan. Haba! Ai zato kurum take yi, sai an gwada kaki da GeneXpert a tabbatar. Duk da haka ina bayanta, gama gwanayen karanta hoton nan kaɗan ne, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ba za su iya duba kowa ba.

Ina roƙon shugabanninmu su nemo mana ita farkon kowace shekara, tun da ɗaki ɗaya muke kwana, muna shaƙar numfashin juna. Amma wanda ya yi mako biyu yana tari kada ya jira ta. Maganin kyauta ne, na wata shida.